Dokar Mayar da Rumbunan Gona Gidajen Zama a Karkarar Ingila

 

Gabatarwa

Na tabbata akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, "Me ya haɗa malamin Hausa da dokar gine-gine, ta Ingila ma kuwa?" Tambayar tana bisa hanya, kuma ina da amsa biyu. Ta farko ita ce, doka da kalmomi ake gina ta, kalma kuwa ita ce sana'ata. Za ku ga yadda ma'anar kalma guda ta kai mutane gaban Babbar Kotu, ta kuma raba mai samu da mai rashi. Ta biyu, dokokinmu na tsara gari daga can aka ɗebo irinsu, saboda haka abin da ya sami gidan da muka aro wuta bai kamata ya zama baƙon labari a gare mu ba.

Abin da nake so in nuna a yau guda ne. Hukuma takan sassauta doka da kyakkyawar niyya, amma idan ba ta faɗi a fili wanda take so ya amfana ba, to, kasuwa ce za ta zaɓa mata, kasuwa kuwa mai kuɗi ta sani.

Wane irin gini ake nufi?

Kafin mu yi nisa, wajibi ne mu daidaita kan suna. Turawan Ingila suna kiran ginin da muke magana a kai barn, kalmar kuwa ta samo asali daga kalmomi biyu na tsohon Ingilishi masu ma'anar "ɗakin sha'ir". Kalmarmu da ta fi kusa da ita ita ce rumbu, kuma da ita zan yi amfani. Amma fa kada ku ɗauko siffar rumbun gero na yumɓu ko na zana wanda yaro kan hau ya zura jiki ya miƙo dami. Nasu katafaren gini ne na dutse ko bulo ko katako, wanda keken doki ɗauke da alkama yakan shige cikinsa. Akwai wanda ke Great Coxwell da aka gina wajen shekarar 1292, da na Harmondsworth kusa da filin jirgin sama na Heathrow wanda aka gina wajen 1426, kuma har yau suna nan tsaye. Wanda ya shiga cikinsu sai ya ɗauka majami'a ce saboda tsawo da faɗi.

Dalilin girman shi ne yanayin ƙasar. Mu a nan muna da rani mai tsawo, sai mu yi sussuka a fili, mu yi shiƙa a fili. Su kuwa ruwa ba ya yi musu sallama, saboda haka masussukarsu a cikin ɗaki take. Sukan yi wa rumbun manyan ƙofofi biyu masu kallon juna, a buɗe su iska ta ratsa ta kwashe ƙaiƙayi. A ƙasashen tuddai na arewacin Ingila kuma, kamar kwaruruwan Yorkshire, akwai dubban ƙananan rumbuna na dutse a warwatse cikin gonaki, shanu a ƙasa, busasshiyar ciyawa a bene, manomi yana zagayawa safe da yamma yana ba su abinci muddin hunturu. Ban da waɗannan tsofaffi, akwai sababbi na zamani, watau manyan rumfuna na ginshiƙan ƙarfe da rufin kwano. Ku riƙe wannan bambanci na tsoho da sabo, domin za mu komo gare shi.

Asalin hani: dokar 1947

Ingila ƙaramar ƙasa ce. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 130,000 ne, watau Jihar Neja da Jihar Borno in an haɗa su sun fi ta girma, alhali kuwa ƙidayar 2021 ta sami mutum miliyan 56 da ɗoriya a cikinta. Duk da haka kimanin kashi biyu bisa uku na ƙasar gonaki ne da makiyaya. Wannan ba haka kawai ya faru ba, aikin doka ne.

Tsakanin Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu, mota ta yawaita, sai gidaje suka riƙa bin gefen manyan hanyoyi suna fita daga birane kamar jerin tururuwa, suna cinye gonaki. A 1926 aka kafa wata ƙungiya ta kare karkarar Ingila, a 1935 kuma aka yi dokar rage irin wannan gini na bakin titi, amma ba ta yi ƙarfi ba. Yaƙi na Biyu ne ya farkar da su. Ƙasar tana sayo fiye da rabin abincinta daga waje, jiragen ruwan Jamus masu ninƙaya a ƙarƙashin teku kuwa suka shiga nutsar da jiragen da ke kawo shi. Rabon abinci da kati bai ƙare ba sai 1954. Wanda ya ɗanɗani yunwa ba ya wasa da gona. Kwamitin da Mai Shari'a Scott ya shugabanta ya ba da rahoto a 1942 cewa a bar karkara ga noma, duk mai son yin wani gini a cikinta kuwa shi ne zai kawo hujja.

Daga nan Gwamnatin Clement Attlee, ta hannun ministanta Lewis Silkin, ta kafa Dokar Tsara Birni da Karkara ta 1947, wadda ta fara aiki ran 1 ga Yuli, 1948. Abin da dokar ta yi yana da ban mamaki. Ba ta ƙwace filin kowa ba. Ta bar wa mutum filinsa, amma ta karɓe masa ikon yin gini a kai, da ikon sauya abin da ake yi da ginin da ke kai, ta ce sai da iznin ƙaramar hukuma. Saboda haka ko da mutum bai ɗora bulo ɗaya ba, ranar da ya fitar da shanu daga ɗaki ya shigar da gado, ya yi abin da doka ke kira sauyin amfani, kuma yana bukatar izni. Noma ne kaɗai aka ɗaga wa ƙafa: manomi yana iya kafa rumfar ajiya ko ɗakin dabbobi ba tare da doguwar hanya ba, muddin bai wuce wasu iyakoki ba. Gidan zama a tsakiyar gonaki kuwa, sai mai hujja mai ƙarfi, kamar makiyayin da dole ya kwana kusa da garkensa.

A nan ne aka haifi matsalar da muke tafe da ita. Tun da izni ya yi wuya, sai ya zama dukiya. Fili guda, ƙasa guda, amma ranar da takardar izni ta hau kansa kuɗinsa ya ninka sau da yawa. To, ribar nan ta wace ce, ta mai fili ce, ko ta jama'ar da hukumarsu ta sa hannu? Dokar 1947 ta ce ta jama'a ce, ta sa harajin kashi 100 bisa 100 a kan ƙarin. Aka soke shi a 1953. Aka sake gwadawa a 1967 aka soke a 1971, aka kuma gwadawa a 1976 aka soke a 1985. Sau uku ana ɗaurawa ana kwancewa.

Yadda rumbuna suka zama kango

Ana cikin haka noman kansa ya sauya. Injin sussuka, wanda wani mutumin Sikotilan mai suna Andrew Meikle ya ƙera wajen 1786, shi ya fara rage wa masussukar cikin ɗaki aiki. Bayan Yaƙi na Biyu tarakta ta kori doki, injin girbi kuma ya zo yana yanka yana sussuka yana shiƙa duk a cikin gona. Manyan injunan nan ba sa shiga ta tsohuwar ƙofa. Ciyawa ma aka koma naɗe ta cikin leda ana jibgewa a fili. Ƙananan gonaki suka haɗe suka zama manya. A tsakiyar ƙarni na 19, fiye da mutum ɗaya cikin biyar na ma'aikatan Birtaniya a gona yake aiki, yau kuwa kimanin ɗaya ne cikin ɗari.

Gini kuwa, kamar yadda kowa ya sani, numfashin mutane ne ke riƙe shi. Da an daina shiga, sai rufi ya fara yoyo, azara ta ruɓe, bango ya tsage. Manomi ba zai zuba kuɗi a ginin da ba ya kawo masa kome ba. Tun daga shekarun 1970 mutanen birni masu hali suka fara sayen tsofaffin rumbuna suna mayarwa gidaje, amma kowane ɗaya sai ya bi cikakkiyar hanyar neman izni, ƙananan hukumomi da yawa kuwa sun fi son a mayar da su wurin sana'a a kan wurin kwana. Sai aka wayi gari da abubuwa biyu a ƙauye guda: ga gine-gine babu mutane, ga matasa babu gidaje.

Rukunin Q

A watan Afrilu na 2014, Gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron ta buɗe wata ƙofa. A tsarin Ingila akwai jerin ayyukan da Gwamnatin tsakiya ta riga ta ba da izninsu a dunƙule, ba sai kowa ya roƙa ba, an kuma kasa su rukuni rukuni da haruffa. Sai aka shigar da mayar da ginin gona gidan zama cikin wannan jeri. Da aka sake tsara jerin a 2015, ya faɗa ƙarƙashin harafin Q, shi ya sa har yau manoma da dillalai da lauyoyi suke kiransa Rukunin Q. A Ingila kaɗai yake aiki. Sikotilan ta yi nata mai kama da shi a 2021, Wales kuwa ba ta bi ba.

Ƙofar ta riƙa faɗaɗa. A 2014 gida uku aka yarda a fitar daga gona guda, jimlar faɗinsu kada ta wuce murabba'in mita 450. A 2018 aka kai gida biyar, manya daga cikinsu kuma kada jimlarsu ta wuce murabba'in mita 465. Domin ku gane wannan adadi, daidai yake da fulotinmu mai ƙafa 50 da ƙafa 100. Ran 21 ga Mayu, 2024, aka kai gida goma, jimla murabba'in mita 1,000, amma kowane gida kada ya wuce 150. Aka kuma yarda a ƙara ɗaki marar bene a bayan ginin, wanda bai wuce mita 4 ba, in dai akwai daɓe a wurin tun da farko.

Kada ku ɗauka cewa manomi yakan tashi kawai ya kira magina. Dole ya sanar da ƙaramar hukuma tukuna, ita kuma ta duba abubuwa ƙididdigaggu: hanyar shiga da zirga-zirgar motoci, ƙara, gurɓatar ƙasa, haɗarin ambaliya, siffar ginin daga waje, isasshen hasken rana a ɗakuna, da kuma ko mazaunin ginin ya sa zama a cikinsa ba zai yiwu ba ko bai dace ba. Ba ta da ikon ƙirƙiro wani dalili daga aljihunta. An ba ta kwana 56. Idan suka cika ba ta ce uffan ba, shirunta ya zama yarda. Mai gini kuma yana da shekara uku ya gama aiki.

Masu tsara dokar sun san halin ɗan Adam, saboda haka suka toshe wasu kafofi. Domin kada mutum ya kafa rumfa bana ya ce baɗi ta zama gida, sai aka sa rana: a tsarin 2024, ginin ya kasance cikin gonar tun ran 24 ga Yuli, 2023, wanda ya zo bayan nan kuwa sai ya shekara goma. Wanda ya mayar da rumbunsa gida, ya rasa gatan kafa sabon rumbu ba da cikakken izni ba har shekara goma, kada ya ce ba ya bukatar ɗaki da safe, da yamma ya ce yana bukata. Idan gonar tana hannun ɗan haya, sai shi da mai gona sun yarda duka biyu, domin kada a kori talaka saboda kwaɗayin kuɗin gida. Farfajiyar da za a yanka wa gidan ma ba za ta fi gindin ginin faɗi ba.

Akwai kuma wuraren da Rukunin Q bai shiga ba sam: gine-ginen tarihi da ke cikin rajista, da unguwannin da aka keɓe domin kiyaye tsohon fasalinsu, da yankunan da aka keɓe saboda kyan shimfiɗarsu, da gandayen ƙasa. Gandun ƙasa a Ingila ba kamar Yankari ba ne, inda namun daji ke da gari. Nasu cike yake da ƙauyuka da gonakin mutane. A 2023 Gwamnati ta nemi ra'ayin jama'a kan shigar da Rukunin Q cikin irin waɗannan wurare, aka yi ta suka, sai ta janye.

Har tsuntsaye da dabbobi suna da nasu haƙƙi. Jemage da farar mujiya sun mayar da tsofaffin rumbuna gidajensu, dokar kare namun daji ta 1981 kuwa ta sa taɓa makwancin jemage, ko damun mujiya a kan ƙwai, laifi ne. Mu da muke jifar mujiya in ta sauka bisa katanga, sai mu yi mamakin a ce ta tsayar da aikin magina wata da watanni. Su kuwa sun lissafa ɓerayen da take cinye musu.

Gyara ko sabon gini?

Yanzu mun iso inda malamin harshe yake da ta cewa. Dokar ta yarda a sa tagogi da ƙofofi, a yi rufi da bangon waje, a jawo ruwa da lantarki, gwargwadon abin da ya zama dole domin ginin ya zaunu. Amma abin da ta halatta shi ne mayar da gini, watau gyara. Ba ta halatta sabon gini ba. To, ina iyakar gyara, ina mafarin sabo?

Ku ɗauki misalin mutumin da ya ce fartanyar nan ta kakansa ce. An sake mata ƙota sau uku, an sake mata ruwa sau biyu, amma yana nan a kan bakansa cewa ta kakansa ce. Haka gidan ƙasa: bana a yi yaɓe, baɗi a sake azara, wata shekara bangon gabas ya zube a tayar da shi. A wace rana ce gidan ya daina zama na dā? A hira, wannan abin raha ne. A kotu kuwa, dukiya ce mai yawa ke rataye a kansa.

A 2016 maganar ta kai Babbar Kotu daga ƙaramar hukumar Rushcliffe da ke lardin Nottingham. Ginin da ake jayayya a kai rumfar shanu ce ta ginshiƙan ƙarfe da rufin kwano, kusan a buɗe take ta gefe uku. Masu ita suka ce doka ta yarda a yi bango, su kuwa bango kawai za su yi, ginshiƙan ma za su iya ɗaukar nauyin. Mai Shari'a Green ya ƙi. Ya ce kalmar mayarwa tana da iyakarta ita kanta. Idan abin da ke tsaye ƙwarangwal ne kurum, har aikin da za a yi ya zama fara gini ne daga tushe, to, an fita daga gyara ko da kowane aiki shi kaɗai yana cikin jerin da aka halatta. Amma bai ce bango biyu ko uku ne ma'auni ba. Ya bar wa jami'in da ke duba kowane gini ya auna da hankalinsa. Saboda haka har yau rumfuna biyu masu kama da juna, ɗaya takan samu a wannan ƙaramar hukuma, ɗaya ta rasa a maƙwabciyarta.

Shekara guda bayan haka, a 2017, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke wata shari'ar daga ƙaramar hukumar Tonbridge da Malling a lardin Kent, wadda ta buɗe wata ƙofar ta baya. Mai gona ya nemi cikakken izni ya rushe rumbunsa da wani ƙaramin gida, ya gina sababbin gidaje huɗu, a wurin da tsarin ƙaramar hukumar bai yarda da sabon gini ba. Hukumar ta yi lissafi ta ce, in mun hana shi, ai Rukunin Q zai ba shi gida uku a cikin rumbun, ga kuma na huɗu yana tsaye, to, gara huɗu masu kyan tsari. Wani maƙwabci ya kai ƙara, kotu ta ce lissafin hukumar daidai ne, muddin akwai yiwuwar gaske mai gonar ya koma wa waccan hanya. Ku duba abin da ya faru. Dokar da aka yi domin a ceci gini, ta zama tsanin da ake takawa a rushe shi. Yanzu dabara ce sananniya: a fara samun amincewar Rukunin Q, sa'an nan a komo a ce, tun da gida zai tsaya a nan ko ana so ko ba a so, a bar mu mu share wurin mu yi sabo.

Wa ya ci riba?

Lokacin da nake karatu a Ingila, wani abokin karatuna ya kai ni ƙauyensu hutun ƙarshen mako. Muka wuce wata tsohuwar rumfar kwano da aka mayar gida, an sa mata gilashi daga ƙasa har sama, motoci biyu masu tsada a ƙofa. Da muka hau tudu muka shiga yankin da aka keɓe, sai ga rumbun dutse mai kyan gaske, rufinsa ya rufta, itace ya tsiro a tsakiyarsa. Na tambaye shi dalili. Ya ce wancan mummuna ne shi ya sa doka ta sake shi, wannan kuwa kyansa ne ya ja masa. Shi kansa abokin nawa, a ƙauyen aka haife shi, amma ya ce ba ya sa ran zai taɓa iya sayen gida a can.

Kada a ce ban yi adalci ba. Rukunin Q ya yi amfani. Tun 2021 aka fara janye tallafin da manoman Ingila suka saba samu bisa faɗin gona a zamanin da ƙasar ke cikin Tarayyar Turai, saboda haka kuɗin rumbu guda yakan biya bashi, ko ya ba ɗan manomi wurin zama kusa da iyayensa. An sami gidaje ba tare da an ci sabuwar gona ba. Wa'adin kwana 56 kuma ya hana takarda kwana a ƙarƙashin tebur.

Amma akwai hasara ta fuska uku. Ta farko, dokar ba ta ce kome ba game da wanda zai zauna a gidan. Ba ta ce ɗan gari ba, ba ta ce ma'aikacin gona ba, ba ta ce mai ƙaramin ƙarfi ba. Mai gina rukunin gidaje ta hanyar cikakken izni, akan ɗora masa sharaɗin ware wasu masu rahusa, amma mai bin Rukunin Q babu wannan a kansa. Gida a tsakiyar gonaki kuwa abin marmari ne ga attajirin birni, ko mai neman gidan hutu. Rage girman kowane gida zuwa murabba'in mita 150 da aka yi a 2024 yunƙuri ne na sauko da farashi, haka kuma ikon da aka ba ƙananan hukumomi daga Afrilu 2025 na ninka harajin gida na biyu. Amma ƙaramin gida ma mai kuɗi yana iya sayensa.

Ta biyu, nisa. A farkon dokar ƙananan hukumomi sun ƙi amincewa da buƙatu masu yawa bisa hujjar cewa wuraren ba makaranta, ba kanti, ba motar haya. A 2015 Gwamnati ta ce musu wannan ba hujja ba ce, domin rumbu dama a daji yake. Sakamakon haka shi ne gidaje a warwatse, kowace fita sai da mota, mai kwasar shara da motar asibiti kuwa jama'a ne ke biyan kuɗin mansu. Bugu da ƙari, baƙon da ya sayi gida kusa da garke, gobe shi ne zai kai ƙarar warin taki da kukan tarakta da asuba.

Ta uku ita ce wadda na gani da idona: mafi kyawun rumbuna suna wajen dokar. Hukumar gandun ƙasa ta kwaruruwan Yorkshire ta gwada wata hanya a tsarin da ta amince da shi a 2016. Ta yarda a mayar da rumbunan da ke cikin ƙauye ko bakin hanya, amma da cikakken izni, da sharaɗin cewa mazaunin yankin ne zai zauna, ko kuwa a riƙa ba masu yawon buɗe ido haya. Ko ba kome, ta ambaci sunan wanda take nufi.

Abin da ya shafe mu

Ba na ce mu kwaikwayi Rukunin Q ba. Ba mu da irin waɗannan rumbuna, kuma ciwonmu daban ne: su manoma ne suka ƙaranta, mu kuwa jama'a ce ta yawaita. Amma tushen dokar ɗaya ne. Dokar tsara birni da karkara da Turawan mulki suka kafa mana a 1946, daga dokar Ingila ta 1932 aka kwafo ta, ita ce kuma ta zauna har Doka mai lamba 88 ta 1992 ta maye gurbinta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, ta ba shi ikon shata inda birni ya tsaya, ta bar filayen karkara ga ƙananan hukumomi. Saboda haka sauyin amfani yana nan a wurinmu, sai dai mu gonar ce da kanta ake mayarwa gida. Wanda ya bi gefen Kano ko Zariya ko Katsina ya ga yadda awon igiya ke cin gonakin da suka ciyar da birni shekara da shekaru, sau da yawa ba makwarara, ba filin makaranta.

Ga ma'aikatan da ke nan, ina da abu uku. Na ɗaya, ku bayyana kalmominku. In Turawa da harshensu na gado sun kai juna kotu a kan ma'anar gyara, ina ga manominmu da ake yi wa hukunci da dokar da ba a rubuta da harshensa ba? Fassara dokokin ƙasa da na gini zuwa Hausa mai ma'ana tsayayya aiki ne da ya kamata lauya da mai tsara gari da malamin harshe su zauna a kansa tare. Na biyu, ku sa wa kanku wa'adi, domin jinkirin ofis shi ne ke tura mai gaskiya wurin dillali. Na uku, ku tuna cewa sa hannunku dukiya yake haifarwa. Duk ranar da aka ja layi a taswira aka ce daga nan birni ne, wani ya yi arziki. Ku tambayi kanku ko wane ne: manomin da ya gaji gonar, ko wanda ya ji labari tun da wuri ya saye ta da araha?

Kammalawa

Jama'a, na faro da cewa doka da kalmomi ake gina ta. Mun ga yadda Ingila ta ƙulle karkararta a 1947 saboda tsoron yunwa, ta buɗe wata kafa a 2014 saboda ƙarancin gidaje, ta faɗaɗa ta a 2018 da 2024. An ƙidaya mita, an ƙidaya kwanaki, an sa ranar wata, har jemage an yi masa tanadi. Abin da ba a rubuta ba shi ne sunan wanda aka yi dokar dominsa, watau ɗan ƙauyen da ke neman ɗakin da zai sa iyalinsa. Ku ɗalibai, waɗansunku gobe ne za su riƙa tsara irin waɗannan takardu. In an kawo muku daftari, bayan kun duba abin da ya hana da abin da ya halatta, ku ƙara tambaya guda: in an shekara goma ana aiki da wannan, wa za mu tarar a cikin gidan?

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.